Yadda na rage ƙibar .svn a kwamfutata

Kwamfutata ta fara kukan wuri ya cika. Da na bi sawu, sai na tarar ɓarnar tana cikin foldar .svn/pristine. A nan Subversion, manhajar da ke riƙe tarihin sauye-sauyen fayiloli, ke ajiye kwafin asali na kowane fayil, domin umarnin diff (nuna abin da ya sauya) da revert (mai da fayil yadda yake) su yi aiki ko babu intanet. To, duk sauya reshen aiki (branch) da na yi ta yi, tsofaffin kwafin suna nan jibge.

Har na kai hannu zan goge su, sai na tuna wc.db, fayil ɗin bayanan Subversion, na riƙe da lissafinsu, zai rikice. Sai na buga svn cleanup --vacuum-pristines, umarnin da ya shigo a Subversion sigar 1.10. Marasa amfani kaɗai ya share. Foldar hotunan da ban taɓa buɗewa ba kuwa, na fitar da ita da svn update --set-depth exclude.