Ku auna ruwan bututunku kafin ku zargi sumo, injin da ke turo ruwa daga cikin rijiya

Jama'a, masu kukan tanki ba ya cika da wuri, ku fara da jarka mai lita 25 da agogon waya. Ku tara jarkar a bakin bututun da ke zuba cikin tanki, can sama, ba a bakin rijiya ba, domin tsayi yana rage ƙarfin ruwa. In ta cika cikin daƙiƙa 50, ku raba 25 da 50, ku ninka da 60: lita 30 ke nan a minti ɗaya. Tanki mai lita 1,000 zai ci wajen minti 33.

Sau da yawa bututun ne ya yi ƙanƙanta. Mai inci 1, in ruwa na gudun mita 1.5 a daƙiƙa, yana ɗaukar kusan lita 44 a minti. Mai inci 2 kuwa ninki huɗu ne, ba biyu ba, kusan lita 177. Kada gudun ya wuce mita 2 a daƙiƙa, in ba haka ba bututu zai riƙa bugawa duk lokacin da aka rufe famfo da sauri, mahaɗa su fara yoyo. Kowace lanƙwasar bututu ma tana cin nata kaso na ƙarfin ruwa, sai a rage su. A duba ko yashi ya toshe matatar ruwa.