Yadda Ake Gudun Motsa Jiki a Fadamar Haɗeja

Mai son gudun motsa jiki a fadamar kogin Haɗeja ya dakata sai ruwa ya janye, domin a watannin Agusta da Satumba ambaliya kan shafe hanyoyin ƙafa. Lokacin hunturu ya fi dacewa, musamman bayan sallar asuba. A bi hanyar da manoman shinkafa suka riga suka taka, kada a kutsa cikin kacala, wato doguwar ciyawar nan ta ruwa, inda macizai kan ɓuya. Takalmi mai kauri wajibi ne, saboda busasshen taɓo yana ƙandarewa har ya gurɗe ƙafa, ga kuma ƙarangiya a kan tudu. Wanda zai shiga dajin Baturiya kuwa, wato gandun tsuntsaye da namun daji da ke cikin fadamar, gara ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya kuma riƙe ruwan sha.