Yadda na haɗa kundin rock da ya warwatse

Na sayi kundin waƙoƙin rock na mawaƙa daban-daban a intanet, amma da na zuba shi a waya sai manhajar kunna waƙa ta raba shi gida-gida, kowane mawaƙi da nasa.

Fayilolin lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana cikin bayanan ID3, wato bayanan waƙa irin su sunanta da na mawaƙi, da ke maƙale a kowane fayil ɗin MP3: gurbin Album Artist (sunan mai kundin gaba ɗaya) babu komai, shi ya sa manhajar ke jerawa da sunan mai kowace waƙa. Na buɗe fayilolin a Mp3tag, manhajar gyara irin waɗannan bayanai, na zaɓe su duka, na rubuta suna ɗaya a gurbin, sannan na sa manhajar kunna waƙar ta sake duba fayilolin. Nan take suka haɗu.

Idan kundin faifai biyu ne, a cike lambar faifai ma, in ba haka ba waƙoƙin cakuɗewa za su yi.