Darasi na 7: Bauri da launi a 'ya'yan itace

Duk wanda ya taɓa cizon ɗanyar ayaba, ko ya tsotsi ɗan kashu, ya san bauri. Harshe ya ɗaure, baki ya bushe kamar an goge shi da tsumma. Wannan aikin wasu sinadarai ne da masana ke kira polifenol. A rubuta kalmar a allo, a karanta tare: po-li-fe-nol. Itace ke yin su don kare kansa daga ƙwari da zafin rana. Su ne suke ba sobolo, wato zoɓo, jan launinsa, su ba ɗinya baƙinta, kuma akwai su a gwaiba da tsamiya da kuka da alasa, wadda 'yan Najeriya ke kira agwaluma.

Mu mutanen Zangon Kumasi mun daɗe da ganin aikinsu, tun da fataucin goro ne ya kawo yawancin kakanninmu ƙasar Asante. Fasa farin goro ka ajiye a tire. Kafin ka gama gaisawa da maƙwabci, fuskarsa ta rine. Polifenol ɗin da ke ciki ne suka haɗu da iskar oksijin, iskar da ke sa ƙarfe tsatsa. A jikin mutum ma wannan iska tana haifar da wasu ƙananan abubuwa masu lalata ƙwayoyin halitta, kuma a gwajin ɗakin bincike polifenol kan tare su. Sai dai kaɗan ne daga abin da muka ci ke shiga jini. Saboda haka idan mai tallar magani a tashar Kejetia ya ce kwalbarsa tana wanke jini tas, ka riƙe kuɗinka.

Aikinsu na biyu ya fi shafar tukunyarmu. Ɗauki loma ɗaya ta burodi marar sukari, ka yi ta tauna ba ka haɗiye ba. Can za ka ji zaƙi-zaƙi. Daga ina? A cikin yawu akwai wani ma'aikaci, enzayim mai suna amilas, wanda ke yanyanka sitaci ya mai da shi sukari. A ƙaramin hanji wani enzayim, gulukosidas, yake ƙarasa aikin, sannan sukarin ya shiga jini. Tuwo, koko, doya, shinkafa da wake, duk ta wannan hanya suke bi.

To, polifenol kan manne wa waɗannan ma'aikata su rage musu hanzari, kamar yadda suke manne wa yawu har mu ji bauri. Idan yankan sitaci ya yi jinkiri, sukari ba ya kwarara cikin jini lokaci guda. Akwai maganin ciwon sukari, akabos, da ke aiki ta wannan hanya, amma shi an auna ƙarfinsa, gwaiba kuwa ba a auna ba. Mai ciwon sukari kada ya ajiye maganin asibiti don ya sayi tsamiya. Kuma sobolon da aka zuba wa kofin sukari, jansa bai cece shi ba.

A ci 'ya'yan itace ɗungurungum, da ɓawon idan na ci ne, bayan an wanke, domin polifenol sun fi taruwa a ɓawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyaye a rana. Mata masu juna biyu su lura: irin polifenol da ke cikin shayi yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, don haka a raba lokacin shayi da na abinci.

Aikin gida: yanka ayaba gida biyu. Matsa lemon tsami a kan ɗaya, bar ɗayan haka, ka ajiye su daga la'asar zuwa magariba. Rubuta jimla 3 a kan abin da ka gani, ka zo da su aji, a karanta wa malam.