Darasi na Bakwai: Shirin Yini Guda a Kwazazzabon Hamada

Kwazazzabo wuri ne mai zurfi tsakanin duwatsu, wanda ruwa ya daɗe yana zaizaya har ya yanka ƙasa. A jihar Arizona ta Amurka akwai Grand Canyon, wanda kogin Kolorado ya haƙa har zurfinsa ya wuce mita 1,600. Masu yawon buɗe ido sukan bi jagora su shiga irin wannan wuri da safe, su fito kafin dare, kuma shirin wannan yini tun daga masauki ake fara shi.

Wanda ya hau dutse yakan sha wahalar hawa da sauran ƙarfinsa, sannan ya gangaro cikin sauƙi. A kwazazzabo kuwa gangara ce farko, hawa ne ƙarshe, lokacin da ƙafa ta gaji kuma rana ta take. Hukumar da ke kula da Grand Canyon tana gargaɗin cewa hawa yakan ci ninki biyu na lokacin sauka, saboda haka wanda yake da awa 6 sai ya juya bayan awa 2, ko da bai ji gajiya ba. Zafi ma ƙaruwa yake yi gwargwadon nisan da aka yi ƙasa, domin a watannin zafi yakan haura digiri 40 a bakin kogin. Shi ya sa ake yin sammako, a guji tafiya daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma.

A tanadi ruwa kamar lita 4 ga kowane mutum, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta zo. Amma ruwa kaɗai bai wadatar ba, domin gumi yana fitar da gishirin jiki, kuma wanda ya yi ta ɗirkar ruwa ba tare da ya ci komai ba zai iya jin jiri da tashin zuciya. A haɗa da gyaɗa mai gishiri da dabino. Sai malafa, da riga mai dogon hannu, da tocila, da takalmin da ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi dai a bar shi a gida.

Haɗarin da baƙo ya fi rainawa shi ne ambaliya, domin da wuya mutum ya yarda ruwa zai ci shi a wurin da ba ya ganin ko ɗigo. Ranar 12 ga Agusta 1997, ruwan sama ya sauka a wani wuri mai nisan kimanin kilomita 11 daga kwazazzabon Antelope, wanda shi ma yake jihar Arizona, ya taru, ya kwararo cikin matsatsin dutsen, ya hallaka mutum 11. Kwazazzabon yana cikin ƙasar ƙabilar Nabaho, kuma ba a shigarsa sai da jagoran da suka amince da shi. Idan jagora ya ce an fasa tafiya saboda hadari, musamman daga Yuli zuwa Satumba, kada a yi masa gardama don an riga an biya kuɗi. Idan kuwa ana ciki aka ji rugugi daga sama, ko aka ga ruwa mai laka ya fara malalowa, a yar da kaya a haye tudu nan take, domin ba a tsere wa ambaliya da gudu a gabanta.

Kafin a tashi, mai ciwon suga ko hawan jini ya sanar da jagora, ya kuma nuna masa aljihun da maganinsa yake.