Ƙwayar GBS: gwajin mai juna biyu da kare jariri lokacin naƙuda

Ƙwayar cutar da ma'aikatan lafiya ke kira GBS zaune take a hanji da gaban mata da yawa, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Ba cutar sanyi ba ce, ba kuma rashin tsafta ke kawo ta ba. Wajen haihuwa take yin ɓarna: jariri ya kwasa a hanyar fitowa, ta shiga jini ko huhu, wani lokacin har sanƙarau.

A wajen awo, tsakanin mako na 36 da na 37, ake ɗaukar samfuri da sandar auduga, daga bakin gaba sannan dubura. Kada a tsallake duburar, don a hanji ƙwayar take da gida. Gwajin da aka yi tun ciki yana ƙarami ba abin dogaro ba ne, domin ƙwayar takan ɓace ta dawo. Shi ya sa ma ba a ba da maganin sha da ciki don korar ta, sai dai in a fitsari aka gan ta.

Wadda aka samu ƙwayar a jikinta, maganin sai naƙuda ta kama. Penisilin G ta jijiya, yunit miliyan 5 da farko, sannan miliyan 2.5 zuwa 3 kowane awa 4 har ta sauka. In babu, amfisilin giram 2, sannan giram 1 kowane awa 4. Ana son allurar farko ta riga haihuwa da awa 4, don haka zaman gida har naƙuda ta yi nisa asara ne. Wadda penisilin ba ya karɓarta ta faɗa tun wuri, a sauya mata.

Inda babu gwajin, a ba da maganin idan naƙuda ta zo kafin mako 37, ko faya ta fashe awa 18 ba a haihu ba, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko an taɓa haifar jaririn da ƙwayar ta kama.

Yawancin jariran da suka kamu, a rana ta farko ake ganewa. Jaririn da ke nishi, numfashinsa ya haura 60 a minti, ya ƙi kama nono, jikinsa ya saki, ya yi zafi ko sanyi ƙalau, asibiti za a nufa da shi nan take, ba jiƙo ba. Can za a ɗauki jini, a fara amfisilin da jentamaisin ba tare da jiran sakamako ba. Allurar maganin da aka yi wa uwa lokacin naƙuda ba ta hana cutar da ke zuwa wa jariri daga kwana 7 zuwa wata 3, saboda haka a ci gaba da sa ido bayan suna.