Babi na Shida: Yankan Doguwar Sitika Ba Tare da Shimfiɗa Ba

Darasi na 1: Sa sitika a inji

Shimfiɗa ita ce robar nan mai danƙo da muke manna sitika a kai kafin yanka. Ƙaramar inci 12 ce, babbar inci 24. To, idan mai shago a Kasuwar Barci ya ce a yanko masa sunan shagonsa mai tsawon mita biyu, shimfiɗa ba za ta ɗauka ba. Sai a sa sitikar kai tsaye, takardar da ke bayanta ta tsaya a madadin shimfiɗa.

Ba kowane inji ke yin wannan ba. Cricut Maker 3 da Explore 3, da suka fito a 2021, suna yanka har ƙafa 12, wato mita 3.6, amma da sitikar kamfanin, Smart Vinyl, mai faɗin inci 13, don takardar bayanta ta fi ƙarfi. Silhouette Cameo 4 yana karɓar sitikar kasuwa, yana kuma da wurin ɗora nadi a gabansa.

Yanzu ku natsu. Bakin sitika, wato gefen da zai fara shiga inji, dole ya miƙe. Ku ɗora rula, ku yanke shi da reza, kada ku yi da almakashi bisa kirdado. Ku duba. Ya miƙe? Madalla.

Ku riƙe sitikar da hannu biyu, fuskar mai launi tana sama, takarda tana ƙasa. Ku daidaita gefen hagu da layin da ke jikin injin. A Cameo, ku matso da tayar dama, cikin 'yan tayoyin da ke danne sitika suna jan ta, ta hau kan sitikar, ba a bakin gefe ba. A Cricut, ku cusa ta ƙarƙashin 'yan maƙalan hagu da dama. Sannan ku danna maɓallin shigarwa. Kada ku saki hannu sai tayoyi sun kama.

Ta karkace? Ba komai, kowa da haka ya fara. Ku fitar, ku sake. Bakin a miƙe, gefen hagu a kan layi, hannu biyu.

Ga dalili. Idan ta kauce da milimita 1 a kowace santimita 10, kafin a kai mita biyu ta kauce da santimita 2. Daga nan gefe ɗaya ya zame daga ƙarƙashin taya, wuƙa ta shiga yanka inda ba a aike ta ba. Saboda haka kafin yanka, idan injinku yana da maɓallin gaba da baya, ku tura dukan tsawon ya wuce ya dawo, idonku a kan gefen hagu.

Wasunku da sun ji inji ya ja, sai su ɗauko waya. Haba jama'a! Sitikar nan da kuɗi kuka sayo ta, ba tsintar ta kuka yi a Kawo ba. Na faɗa, ina sake faɗa: bakin a miƙe, gefen hagu a kan layi, hannu biyu. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Darasi na 2: Gwajin wuƙa

Ku yanka ɗan ƙaramin abu a lungu tukuna. Wuƙa ta yanke sitika kawai, ta bar takardar baya lafiya. Idan ta huda takarda, ku rage ƙarfi. Ku janyo teburi daga bango don sitika ta samu hanyar fita ta baya, ku kuma share ƙasa, musamman da hunturu, don ƙura na hana tayoyi kamawa. Idan ba ku amince da wutar unguwarku ba, ku haɗa da inbata, domin in aka ɗauke ana tsakiyar yanka, da wuya aikin ya gyaru.

Darasi na 3: Cirewa da mannawa

Ku ɓare abin da ba rubutu ba, kaɗan-kaɗan. Ku ɗauke rubutun da tef ɗin ɗaukar sitika (transfer tape), ku manna, ku goge da kati. Idan sitikar riga ce ta guga, ku juya rubutun a kwamfuta kamar yadda ake ganinsa a madubi kafin yanka.

Darasi na 4: Aikin gida

Kowa ya yanko sunan unguwarsu, tsawon mita ɗaya, ya zo da shi ranar Asabar.